Zama a Hannun Daman Malam

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. A garinmu, wani ɗan gari mai ganuwa tsakanin Dayi da Malumfashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallonsa in da idon mutane. Uba ma haka. Kunya ake ce wa abin, kuma da ita ake auna mutunci. Gwargwadon yadda mace ta nuna ba ta san da zamanka ba, gwargwadon yabon da za ta sha a gidan biki. A al'ada kaka ce take ɗauke ɗan fari da zarar an yaye shi, ta yi masa duk gatan da iyaye suka hana shi. Tawa ta wajen uba ta rasu ina goye. Ta wajen uwa tana can wajen Musawa, hanya kuma ba ta biyuwa a shekarun nan saboda hare-haren mahayan Maraɗi. Sai aka bar ni a gidanmu, tsakanin mutum biyu da suka fi kowa sona, waɗanda ba su da izinin nunawa.

Innata da bango take magana in tana so in ji. Sai ta ajiye akushi ta ce, "Ga tuwo nan, in da mai ci." In rigata ta yage, sai in wayi gari in tarar an ɗinke, kamar aikin aljanu. Mahaifina kuwa in zancena ya zama dole, "wancan" yake cewa, yana duban rufin ɗaki.

Kada a ɗauka mahaifina mutum ne marar lura. Manomin auduga ne wanda masaƙan Maska suke jiran kayansa, kuma daga kallon ganye ɗaya yakan gane abin da ke damun gona. Yana da wani jaki mai hakiya a ido ɗaya, duk wanda zai ɗora masa mangala sai ya zo ta wajen ido mai gani, in ba haka ba ya sha faɗa. Ga shi kuma gwanin tarbiyya, a baki. Bayan la'asar dattawan unguwa sukan taru a zaurensa, shi kuwa ya yi ta bayani a kan yadda ake gyara yaro: a tashe shi tun asuba, kada a cika masa ciki, kada ya ga haƙoran ubansa. Mutane na gyaɗa kai, suna komawa gida su gwada a kan nasu 'ya'yan. Duk wannan ilmi ana raba shi kyauta, ni da nake cikin gidan ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata ko ina ciwo ba.

Ina da shekara huɗu na yi ƙyanda. Na tashi da ƙyar, kunnena na hagu ya yi ta zubar da ruwa wata da watanni, sannan ya bushe. Da ya bushe kowa ya ce alhamdu lillahi, an warke. Kunnen kuwa ya mutu ke nan. Ni kaina ban san na rasa wani abu ba. Na tashi da tunanin haka Allah ya halicci kowa, kunne ɗaya na ji, ɗayan kuma don kai ya yi daidai. Tun da ba mai doguwar magana da ni, "to" kaɗai ta ishe ni zaman duniya.

Da na kai shekara bakwai aka kai ni makarantar malamin unguwarmu, wani dattijo mai siririyar murya da yake karantarwa a gindin wani durumi. Yakan zauna a buzu ya fuskanci gabas, yara kamar arba'in sun yi masa kewaye. Mahaifina ba ya rowa da malamai, duk kaka sai ya aika masa da damman dawa da buhun auduga. Malam kuwa mutum ne mai sanin ya kamata. Ran da aka kai ni ya tashi wani yaro daga gefensa, ya ce ɗan wane ba zai zauna a baya ba, ya zaunar da ni a hannun damansa, kafaɗa da kafaɗa. Ba yaron da bai yi kwaɗayin wurin nan ba. Da labari ya kai zaurenmu, an ce mahaifina sai da ya yi gyaran murya sau biyu, wanda a wurinsa wannan guɗa ce.

To, wanda ya zauna a hannun daman mutum, da kunnen hagu yake sauraronsa. Duk abin da Malam ya biya mini, cikin mataccen kunne yake zubawa. Kunnen mai rai kuwa yana fuskantar yara arba'in, kowa na ƙwala nasa karatun iya ƙarfinsa. Ina ganin gemun Malam yana motsi, ina jin wani abu kamar kukan sauro, sai ya zungure ni ya ce in maimaita. Sai in tattaro abin da na tsinta daga bakin na kusa da na nesa in haɗa in miƙa masa, farko daga wannan sura, ƙarshe daga waccan. Shi kuwa sai ya kama kunnen da ya fi kusa da hannunsa ya murɗe. A nan ne na gane amfanin kunnen hagu.

Shekara uku ina fama da izu ɗaya. Ƙanena, wanda na ba shekara biyu, aka kawo shi aka jefa can cikin yara gaban Malam, a rani ɗaya ya cim mini ya wuce. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne hannuna. Abin da ido ya gani ba ya kuɓuce mini, rubutuna a allo ya fi na wasu gardawa kyau. Malam yakan ɗaga allona ya nuna wa baƙi, ya ce su dubi ikon Allah, hannun magatakarda a jikin kan duma. Kuma ina son karatun, wannan ita ce gaskiya. Ina son warin tawada, ina son yadda baƙi yake zama a kan allo in an wanke shi an shafe shi da farar ƙasa. Nakan koma bayan rumbu in yi kuka, ina roƙon Allah ya buɗe mini kan nan da kowa ya ce a toshe yake.

Daga nan masana suka taso mini. Ba a taɓa rasa masana a kan yaron da ya kasa ba. Malam ya fara da rubutun sha, na sha har haƙorana suka yi baƙi, in da ilmi ta ciki yake shiga da yanzu ni ne alƙalin Katsina. Wani dattijo ya ce tsami ne ke cinye hadda, aka hana ni kunun tsamiya da yakuwa da duk abin da ke sa tuwo ya wuce maƙogwaro. Wani ya ce wataƙila ina ratsawa tsakanin jakuna biyu, wannan kuwa yana jawo mantuwa, sai aka sa ni ina kewaya kasuwa ta bayan marina. Wani ya tambaya ko in an cire mini ƙwarƙwata ana yar da ita da rai. Aka bincika, aka samu ana yi, aka ɗora laifin a nan har tsawon damina guda. Wanzami ya aske ni ƙwal, ya kafa mini ƙaho a ƙeya don ya janye mataccen jinin da ya danne basira, har yau tsagar tana nan. Goggona, yayar mahaifina, ta ce iska ce, ta lulluɓe ni da zane a kan kasko mai hayaƙi har na kusa sheƙawa. Zuma kaɗai na gode wa a cikin magungunan, ita ma kwana bakwai aka yi aka ce ba ta karɓe ni ba. Duk waɗannan mutane sun taɓa kaina, sun juya shi, sun shafa, sun tofa. Ba wanda ya ce, kai yaro, me kake ji in Malam yana magana?

Mutum ɗaya ce ta sani, ita ce kuma wadda aka ɗaure wa baki. Innata, wadda ba ta kallona, ta san in na kwanta a kan kunnen dama ko aradu ta faɗi ba na motsi. Ta san in aka yi sallama nakan karkata kai kamar kaza tana duban shaho. Ta yi iya dabararta a cikin iyakar da kunya ta yarda. Wata rana tana kaɗi ta ce wa Goggo wai ta ji labarin wani yaro a wani gida da ƙyanda ta kashe wa kunne, ana ta dukansa a banza. Goggo ta ji tausayi ƙwarai, ta yini tana zagaya unguwa tana neman gidan don ta yi musu jaje. Ta kuma gwada da mahaifina, lokacin da take ajiye masa abinci, ta ce akwai wasu yara da ba dakikai ba ne, wurin zama ne bai dace da su ba. Ya ce Allah ya ba iyayensu haƙuri, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ina da shekara goma, bayan an gama ɗibar auduga, baffana ya sauka a gidanmu. Ƙanen mahaifina ne, falke mai zuwa Gwanja saro goro, tafiyar da takan ci shekara da wani abu. Yana neman mai kora masa jakuna. Yara biyu daga unguwarmu sun taɓa binsa, ɗaya ya dawo da kurkunu a ƙafa, ɗayan rigarsa ce ta dawo. Baffa yana da nasa ra'ayin a kan tarbiyya shi ma, a wurinsa ba kan da ƙaya da ƙishirwa ba sa buɗewa.

Da hantsi ran wata Laraba aka tara taro a zaurenmu: mahaifina, Malam, Baffa da dattawa kamar goma. Aka kira ni, na tsuguna kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida, ƙofar tana hagu da ni, ina fuskantar mutane. Yau kam ina jin kowa sarai, don ba mai ihu.

Malam ya ce, "Ni dai na yi iyakar yina. Yaron ga ba ya da rashin kunya, ba ya da ƙiwa, amma kanshi kamar an liƙe da danƙo."

Baffa ya ce, "Yaya, ka ba ni shi. Allo ba na kowa ba ne. In ya taka ƙasa wata shida, wallahi sai ka yi mamaki."

Dattawa suka ce gaskiya ne, ai ba duka ake zama malamai ba. Mahaifina ya daɗe yana duban azarar rufi. Na tabbata ransa ba ya so. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa gari yadda ake taurin zuciya da yaro ba zai karaya a kan ɗan fari a gaban ɗalibansa ba. Ya ce wa rufin, "To, a hwaɗa ma wanda abin ya shahwa, ya shirya. Ayari na tashi ran Asabar."

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, ina tunanin wa zai gaji allona. Da na ɗago sai na ga fuskokin mutane sun sauya. Kowa ya buɗe baki, idanu duk sun koma bayan kafaɗata ta hagu. Wani tsoho har carbinsa ya faɗi. Na juya. Innata ce tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk gari, ta ja zane ta rufe rabin fuska. Matar aure a zaure, gaban maza goma sha. Da ganin yadda mutane suka daskare ta riga ta fara magana, ni dai daga inda na juyo na kama.

"Kunnen nan nashi na hagu ba ya ji," in ji ta. "Tun ƙyanda bai ƙara ji ba. Kun aje shi inda Malam ke zuba mashi karatu cikin mataccen kunne shekara uku. Kun aske shi, kun tsage shi, kun hana mashi tsami, yanzu kuma za ku tura shi daji ya mutu." Ta juya wajen mahaifina. "Mai gida, jakinka ka san ta inda ake zo mashi."

Ta koma ciki. Baffa ne ya fara samun bakinsa, ya ce a'uzu billahi, shi bai taɓa ganin irin wannan ba ko a ƙasar arna. Malam ya taso a hankali, ya tsuguna a haguna. Na ga gemunsa ya motsa. Ya zagayo dama, ya raɗa mini wata 'yar aya da ban taɓa kaiwa ba. Na maimaita masa ita tas, ya ƙara wata, na maimaita. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi jama'a ya ce, "Dama na daɗe ina zargin haka."

Ayari ya tashi ran Asabar ba da ni ba. Mahaifina ya yi kwana bakwai bai ci abincin innata ba, Goggo ce ke aiko masa. Da fushin ya sauka, wata sabuwar damuwa ta taso: Malam ya mai da ni hannun hagunsa, wurin da ɗan wani majemi yake zama. Mahaifina ya aika a tambaya cikin ladabi ko ba za a bar "wancan" a hannun dama ba, shi Malam ya juya. Malam ya aiko da amsa cewa ba zai ba alƙibla baya ba saboda ɗan kowa. A haka na rasa wurin girma, na samu karatu. Kafin a yi shuka na wuce ƙanena, bayan shekara biyar na sauke.

Ranar walimar saukata na ji abin mamaki. Malam ya ce rubutun nan ne, dama yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa jiki. Wanzami ya nuna wa mutane ƙeyata. Dattijon tsami ya ce ai ya faɗa. Baffa, da ya dawo da goro da tari, ya ce tsoron Gwanja ne ya buɗe kan, don haka shi ya kamata a gode wa. Mahaifina bai ce komai a kaina ba, amma tun daga ranar bayaninsa na bayan la'asar ya ƙaru da babi guda, a kan muhimmancin lura da yaro. Innata kuwa ta bar gidan tun safe ta tafi maƙwabta, kamar yadda uwar ɗan fari take yi ranar farin cikinsa.

Ita ce ta biya kuɗin karatuna, ba da kuɗin wuri ko ɗaya ba, da mutuncinta. Matan gari ba su yafe mata ba. Aka daina kiranta wankan amarya, aka daina neman shawararta a gidan haihuwa. In wata yarinya ta saci kallon jaririnta na fari, sai tsofaffi su ce mata kada ta zama wance. Ina jin wannan, ina ɗauka shiga zauren ne ake nufi. Ita kuma ta koma kunyarta, har ta ninka ta, kamar mai rama sallar da ta kuɓuce. Na girma, na yi aure, na kafa makaranta a gindin nawa durumin, har lokacin da bango take magana in na shigo gaishe ta.

Yau shekarata talatin da wani abu ina karantar da yara. Iyaye sukan zo su tambaye ni abin da ke sa yaro ya yi karatu, suna jira in ba su laƙani. Sai in tambaye su a kan wane gefe yaron yake kwanciya, me yake tsoro, yaushe ya fi jin yunwa. Yawanci uban sai ya dubi rufi. In ya ce bari ya je ya tambayo cikin gida, to, da sauran fata. Duk yaron da aka kawo mini kuwa sai na tsaya a bayansa na yi masa raɗa ta nan da ta can kafin in ba shi wuri, ko ɗan waye. Kada kuma a ɗauka na fi kowa. Ni ma ina da ɗan fari, ni ma "wancan" nake ce masa a gaban mutane. Abin da na iya kawai shi ne ina binsa da ido in ba mai kallona.

Innata ta rasu ina da furfura a gemu. Kwana uku da rasuwar, da rana tsaka bayan masu gaisuwa sun ragu, Goggo ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai, amma bakin yana nan. Ta yi ta yabon mamaciyar, haƙurinta, tsabtarta, hannunta a kaɗi. Sannan ta ja tsaki ta ce, "Allah dai ya yahe mata abin nan guda."

Na ce, "Goggo, shiga zaure kuma har yanzu? Ai ta cece ni ne."

Ta ce, "Wane zaure? Zaure ai ko gobara na sa mace ta shiga. Sunanka ta kira. Sunanka na yanka, gatsau, har sau uku, gaban Malam da kowa, kahin ta ce komi. Ina tsakar gida na ji, sai da na toshe kunne. Kai da kake kusa da ƙahwarta za ka ce mani ba ka sani ba?"

Sai na tuna. Ƙofar tana hagu da ni ran nan.

Na ce, "Goggo, yaya ta faɗe shi?"

Ta ce, "Yaya kuwa? Yadda ake kiran yaro mana."

A cikin waɗanda suka zauna a zauren nan mutum uku ne suka rage da rai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, da furfurata, ina tambaya kamar yaro. Kowannensu ya tuna ranar sarai, kowannensu ya ce abin kunya ne da bai taɓa ganin irinsa ba. Ba wanda ya iya gaya mini yadda muryarta take da sunana a ciki.